Gandu, Kiwo Ko Riƙo: Wace Irin Haɗaka Ce Ta Dace Da Ƙaramin Gidan Tarihi?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin wani ƙaramin gidan tarihi ya san yadda zaman yake tafiya. A fara da rufin da ke yoyo, a gangaro kan garar da ta shiga akwatin takardu, a zo kan mai gadin da ya daɗe bai ga albashi ba, sai wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "To me zai hana mu haɗe da na garin su wane?" Nan take ɗaki ya rabu biyu. Waɗannan su ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, waɗancan su ce suna raye ba za a miƙa takobin kakansu ga baƙo ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ke hana su jin juna shi ne kalmar "haɗewa" da suke jayayya a kanta, domin kowa da abin da yake nufi da ita.

Tsare-tsare huɗu ne ake cusawa cikin wannan kalma ɗaya, kuma duk mun san su a ƙauye tun kafin a zo da lauya da takarda. Akwai gandu, inda 'yan'uwa ke noma gona ɗaya, rumbu ɗaya, maigida ɗaya. Akwai kiwo, inda za ka ba makiyayi shanunka ya haɗa da na wasu ya kula da su, amma shanun naka ne, ran da ka ga dama ka kora abinka. Akwai riƙo, inda babban gida ke ɗaukar ɗan ƙaramin gida. Sai gayya, inda kowa ke gonarsa, a taru ranar aiki a watse da yamma. Gidajen tarihi a Ingila da Amurka da Norway sun gwada dukkansu a cikin shekaru hamsin da suka wuce, kuma abin da ya same su ya isa mutum ya duba kafin ya sa hannu a komai.

Gandu: a narke a zama ɗaya

A wannan tsari ƙungiyoyi biyu suna rushe kansu, a kafa sabuwa mai kwamitin amintattu ɗaya, asusu ɗaya, shugaba ɗaya. Ma'aikata su koma ƙarƙashinta, haka kadarori, haka bashi.

Misalin da na fi so shi ne na garin Dayton a jihar Ohio ta Amurka. A 2005 wurin tarihi na Carillon da ƙungiyar tarihi ta gundumar Montgomery suka haɗe suka zama Dayton History. Carillon yana da fili mai faɗi da gine-gine da masu ziyara, a can ne ma jirgin saman da 'yan'uwan Wright suka ƙera a 1905 yake. Ita kuwa ƙungiyar tana da ɗimbin takardu da hotuna da kayan gari, amma ba ta da irin wannan dandali na nuna su. Abin da ɗaya ya rasa yana hannun ɗayan, gari ɗaya suke, labarin mutane ɗaya suke bayarwa, kuma ƙofofin masu hannu da shuni ɗaya suke ƙwanƙwasawa neman tallafi.

A Sheffield ta Ingila ma haka aka yi a 2021. Ƙungiyoyi biyu ne ke kula da gidajen tarihin birnin, ɗaya tana riƙe da na zane-zane da tarihin gari irin su Weston Park, ɗayar tana riƙe da na masana'antu irin su Kelham Island da Abbeydale. Aka haɗa su, wurare shida suka koma hannu ɗaya. Sai dai a lura da wani abu: akasarin kayan da ke cikin waɗannan gidaje dama na majalisar birnin ne. Wato masu kula ne suka haɗe, mai kaya bai canja ba. Wannan ya rage rigima ƙwarai, domin babu wanda aka ce ya sallama gadonsa.

Amfanin gandu a fili yake. Magana ɗaya ce, ba sai an jira kwamitoci uku sun zauna kafin a sayi kwanon rufi ba. Mai ba da tallafi ya fi sakin jiki da ƙungiya ɗaya mai littafin kuɗi ɗaya. Ana iya ɗaukar ƙwararre guda, mai gyaran tsofaffin takardu ko mai koyar da ɗalibai, wanda kowane gida shi kaɗai ba zai iya biyansa ba.

Amma duk wanda ya ce muku haɗewa za ta rage kashe kuɗi tun shekarar farko, ku nemi ya kawo lissafin a rubuce. Rufi biyu suna nan rufi biyu, kowanne da yoyonsa. Masu gadi ba sa raguwa. Albashin da ya bambanta sai an daidaita shi, kuma ba a daidaita albashi ta ƙasa ba tare da tashin hankali ba. Ga kuɗin lauya, ga na mai binciken asusu, ga sabon allo da sabon hatimi. Abin da ake ragewa bai wuce kujerar shugaba ɗaya da ta akawu ɗaya ba, a ƙaramin gida kuwa sau da yawa waɗannan kujeru dama aikin sa kai ne. In kuma gidajen biyu duk bashi ya yi musu katutu, to an tara bashi biyu ne a wuyan mutum ɗaya.

Babban abin tsoro a gandu shi ne ba shi da ƙofar baya. Da zarar an rushe tsohuwar ƙungiya an mayar da kaya sunan sabuwa, mutanen garin da suka tara kayan ba su da wata madafa sai kujerun da aka ba su a kwamiti. Yau kujera uku cikin tara, bayan shekara goma waɗanda suka yi alkawarin sun rasu ko sun sauka, sababbi ba su san da wata yarjejeniyar baki ba. Ran da kuɗi ya yi ƙaranci aka ce sai an rufe reshe ɗaya, kowa ya san na ƙaramin gari za a fara dubawa.

Kiwo: aiki ɗaya, kowa da kayansa

Nan zan daɗe, domin a ganina shi ne tsarin da ya fi kusa da halin da yawancin gidajenmu suke ciki, kuma shi ne aka fi jahilta.

Colchester da Ipswich garuruwa biyu ne a gabashin Ingila, tafiyar kamar kilomita 30 tsakaninsu, ɗaya a lardin Essex ɗaya a Suffolk. A 2007 majalisunsu suka haɗa ma'aikatan gidajen tarihinsu suka zama ma'aikata ɗaya. Majalisar Colchester ce ke ɗaukar ma'aikatan aiki a madadin su biyun, kwamitin haɗin gwiwa na kansilolin garuruwan biyu yana sa ido, kowace majalisa tana zuba kasonta. Amma tsohuwar fadar yaƙi ta Colchester, wadda aka mayar gidan tarihi, da abin da ke cikinta suna nan na Colchester, gidan Christchurch da zane-zanensa suna nan na Ipswich. Ko cokali ɗaya bai sauya mai shi ba.

Wanda ya fi wannan daɗewa shi ne na yankin Tyne da Wear a arewa maso gabashin Ingila. An kafa lardin a 1974, gidajen tarihin garuruwansa suka shiga ƙarƙashin kulawa ɗaya. A 1986 gwamnati ta rushe majalisar lardin, amma majalisun garuruwa biyar, wato Newcastle da Gateshead da Sunderland da Tyneside ta Arewa da ta Kudu, suka ga bai kamata a wargaza aikin ba, suka ci gaba da shi bisa yarjejeniya, Newcastle tana jan ragama. Jami'ar Newcastle ma ta ba su kulawar nata gidan. A 2013 Sunderland ta janye gidajenta ta koma gudanar da su da kanta. Masu sukar wannan tsari sukan kawo ficewar Sunderland a matsayin shaidar rauninsa. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfinsa. Gari ya zauna cikin haɗaka kusan shekara 40, ya ga lokacin fita ya yi, ya fita da gine-ginensa da kayansa, sauran huɗun suka ci gaba. Da gandu aka yi, da sai an yi rabon gado.

Norway ce ta yi wannan gwaji a faɗin ƙasa baki ɗaya. Ƙasa ce mai ƙananan gidajen tarihi birjik, kusan kowane kwari da nasa, na masunta, na manoma, na masu haƙar ma'adinai, yawancinsu mutanen gari ne suka kafa da guminsu. Daga farkon shekarun 2000 gwamnati ta ce tallafinta zai riƙa bi ta hannun manyan ƙungiyoyi 'yan kaɗan a kowane lardi, don haka duk mai son kuɗin gwamnati sai ya shiga ɗaya. Cikin kamar shekara goma gidaje sama da 300 suka dunƙule suka koma ƙungiyoyi ƙasa da 100. A wurare da yawa tsofaffin kwamitocin ba su mutu ba, sun zauna a matsayin masu mallakar gini da kaya, sabuwar ƙungiya tana gudanarwa bisa yarjejeniya.

Abu biyu ya kamata a ɗauka daga Norway. Na farko, gwamnati ba da hannu wofi ta ce a haɗe ba, ta ƙara kuɗin da take ba gidajen tarihi a tsawon shekarun gyaran. Ingancin da aka samu, na ƙwararrun ma'aikata da ɗakunan ajiya masu kyau da rajistar kaya a kwamfuta, da wannan ƙarin aka saye shi. Wanda ya kwaikwayi haɗewar ya bar ƙarin kuɗin, rabin maganin ya sha. Na biyu, an yi ta ƙorafi daga ƙananan garuruwa cewa masu aikin sa kai sun ji an mayar da su baƙi a gidan da suka gina, shawara ta koma wani ofis mai nisa. Wannan ƙorafi ba ƙarami ba ne. Tsohon malamin makarantar da ke buɗe gidan ranar Asabar ba don kuɗi ba, wanda ya san wace tsohuwa ce ta kawo wace tukunya, in ya yi fushi ya zauna a gida babu albashin da zai sayo abin da ke kansa.

Kiwo yana da nasa ciwon kai, kada a ɓoye. Shugaban ma'aikata yana da iyayen gida da yawa, kowanne da lokacin kasafinsa da siyasarsa. In ɗaya ya rage kasonsa, sai a rasa yadda za a yi: a rage aiki a gidansa kaɗai, ko a ɗebi na sauran a cike? In aka ɗebi na sauran sau ɗaya, sau biyu, mai biya a kan lokaci zai fara tambayar don me yake ciyar da saniyar wani. Sai kuma matsalar gini. A yawancin irin wannan yarjejeniya babban gyara yana wuyan mai gini, ƙananan gyare-gyare suna wuyan mai gudanarwa. To yaɓen da ginin ƙasa ke bukata kafin kowace damina, babba ne ko ƙarami? In ba a rubuta ba, kowa zai nuna ɗan'uwansa har katanga ta zube.

Mu a Arewa ba baƙin wannan tsari ba ne. Da aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, an kafa hukumar riƙon ƙwarya ta kula da kadarorin da ba su rabuwa, wadda aka fi sani da ICSA, ta yi aiki har tsakiyar shekarun 1970. Jihohi shida, cibiyoyi na kowa da kowa, kowa yana zuba kaso. Waɗanda suka yi aiki a wancan zamani, in suna kusa da ku, ku zauna da su kafin ku rubuta taku yarjejeniyar.

Riƙo: shiga inuwar babba

Wani lokaci gidan ya riga ya gaza, ba shi da abokin da za su yi kafaɗa da kafaɗa, sai dai a nemi jami'a ko babban ɗakin karatu ko hukumar gwamnati ta ɗauke shi. Sakamakon yakan bambanta ƙwarai, kuma misalai uku daga Amurka sun nuna iyakokinsa.

Ƙungiyar tarihi ta Brooklyn a birnin New York, wadda aka kafa tun 1863, ta shiga ƙarƙashin ɗakin karatun jama'a na Brooklyn a 2020. Sunanta ya canja, 'yancin kanta ya tafi, amma ginin yana nan, takardun suna nan, shiga ta zama kyauta, kuma kayan sun sami hanyar isa ga rassan ɗakin karatun da ke warwatse a unguwanni. Riƙon ya karɓe ta domin aikin mai riƙon da nata kusan ɗaya ne: a adana takarda, a buɗe wa jama'a.

A birnin dai, gidan tarihin tashar jiragen ruwa na South Street ya shiga matsalar kuɗi, sai gidan tarihin birnin New York ya karɓi gudanar da shi na wucin gadi a 2011. A watan Oktoban 2012 guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin unguwar, ta lalata wutar lantarki da na'urorin ginin. A 2013 mai riƙon ya janye hannunsa, domin nauyin ya fi ƙarfinsa. Ba mugunta ya yi ba. Kowane mai riƙo, in ruwa ya kai wuya, ɗan cikinsa zai fara ɗagawa. Abin da ya ceci gidan South Street shi ne bai rushe kansa ba, don haka da aka sake shi ya sami ƙafar tsayawa, yana nan har yau.

Na uku shi ne mai ban tausayi. Gidan tarihin birnin Philadelphia, wanda aka fi sani da Atwater Kent, ya rufe ƙofa a 2018 bayan maganar haɗa shi da Jami'ar Temple ta wargaje. Kaya sama da 100,000 suka zauna a ɗakin ajiya, sai a 2022 kotu ta amince a miƙa su ga Jami'ar Drexel. Kayan sun tsira, ana ba da aronsu, ana ɗora hotunansu a intanet, amma gidan da yaro zai shiga ya ga tarihin garinsa a jere ya tafi. Sun nemi mai riƙo ne bayan ƙarfinsu ya ƙare, wanda kuwa ya zo a wannan hali ba ya gindaya sharaɗi.

A gida muna da misalin riƙon da ya yi albarka. Gidan Sardauna a Kaduna, wato Arewa House, da aka mayar cibiyar tarihi a 1970 da ƙoƙarin Farfesa Abdullahi Smith, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'a ta ba shi abin da ƙaramin kwamiti ba zai iya ba: malamai, ɗalibai masu bincike, da dawwama. Sai dai a tuna, jami'a takarda take so. Tana murna da kundin Larabci da na ajami da wasiƙun sarakuna. Sirdi da lifidi da tambari kuwa suna bukatar wani irin kulawa da wasu irin masu kallo, kuma ba lallai ne su zama abin farko a kasafin kowace jami'a ba.

Gayya

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Ba a taɓa mallaka, ba a taɓa ma'aikata. A yi tikiti ɗaya da zai shigar da baƙo gidaje uku, a haɗa kuɗi a sayi kyamara da na'urar ɗaukar hoton takardu a riƙa zagayawa da su, a gayyato mai horarwa ɗaya, a tsara wa makarantu ziyara ɗaya. Ba ya cin kuɗi sosai, ba ya kawo rigima. Rauninsa shi ne yana rataye a wuyan mutum biyu ko uku masu zumunci, ran da aka yi wa ɗaya canjin wurin aiki sai abin ya lafa. Ba zai ceci gidan da ke durƙushewa ba. Amma shi ne hanya mafi arha ta gane ko wanda kuke shirin haɗa kai da shi yana cika alkawari.

To wanne za a ɗauka?

Amsar tana bin tambaya ɗaya: kayan na wane ne? A ƙasarmu wannan tambaya ta fi ta Sheffield wuya nesa ba kusa ba.

Ɗauki Kano. Gidan Makama, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da dokar 1979 ta kafa. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen ilimi Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Fada tana da nata kayan. Zuri'o'in malamai da na attajiran fatake suna da nasu a cikin adaka. Ma'aikacin tarayya da na jiha ba tsarin albashinsu ɗaya ba, ba fanshonsu ɗaya ba, ba wanda suke amsa wa ɗaya ba. Maganar gandu a nan ɓata lokaci ce. Amma babu abin da ya hana gayya mai ƙarfi, har ma da kiwo a wasu ayyuka, kamar ɗakin gyaran takardu guda ɗaya da zai yi wa kowa aiki. Haka abin yake a Sakkwato da cibiyar Waziri Junaidu, haka a Katsina da gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina.

Gidan da ke jingine da masarauta kuwa, irin gidan tarihin Kanta a Argungu da aka buɗe a tsohuwar fada a 1958, yana da wani hali da gidajen Turai ba su cika samu ba. Kayan sarauta a wurinmu ba su mutu ba. Tambarin da ke bayan gilashi yau, gobe ana iya fito da shi a buga a naɗin sarauta, sulke da kwalkwali su fita hawan salla su dawo. Ƙwararren mai adana kaya an koya masa kada a taɓa, kada a fitar, kada rana ta gani. Masarauta kuwa ta san abin da ba a amfani da shi ya daina zama kayan sarauta. Duk yarjejeniyar da ba ta faɗi wa ke da ikon fitar da kaya ba, da sanarwar kwana nawa, da wa zai duba lafiyarsu in sun dawo, za ta karye a sallar farko. Ko a matakin ƙasa an ga yadda raba mallaka da kulawa ke da nauyi: a 2023 gwamnatin tarayya ta ayyana Oba na Benin a matsayin mai mallakar kayan tagullar da ake dawo da su daga Turai, daga nan kuma aka shiga tattauna wa zai adana, a ina, da wane sharaɗi.

Don haka ga yadda nake gani. In gidajen biyu gari ɗaya suke, mai kayan ɗaya ne ko kuma dukkansu ƙungiyoyi ne masu rajista da ba su da bashi, kuma abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi, to a yi gandu, kada a tsaya rabi da rabi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ƙungiyoyi masu amintattu da manufarsu ta yi kama damar haɗewa, sai a nemi lauyan da ya san hanyar. In garuruwa daban ne, ko akwai masarauta ko zuri'a ko wakafi a cikin maganar, kiwo ne, kuma kada a yarda a wuce shi ko da an yi alkawarin tallafi mai tsoka. In gidan ya kai shekara biyu ko uku ba ya iya biyan mai gadi, a nemi mai riƙo yanzu, tun akwai sauran abin da za a ɗora a teburin ciniki. In kuwa ba ku taɓa yin aikin kwana ɗaya tare ba, ku yi shekara guda kuna gayya tukuna.

Kowanne aka zaɓa, akwai abubuwan da sai an gan su baƙi a kan fari. Sunan gidan da allonsa su zauna, domin mutumin gari ba ya kai takobin kakansa ga wata "haɗaɗɗiyar cibiya", gidan garinsu yake kai wa. Kujerun kwamiti kada a raba su bisa yawan kuɗi kaɗai, in ba haka ba ƙaramin gari ya zama ɗan rakiya. Mafi kyau a ce hukuncin yau da kullum rinjaye ne, amma rufe gida ko kwashe kayansa zuwa wani gari sai da yardar mutanen wannan gida. A rubuta yadda ake fita: sanarwar wata nawa, wa zai ɗauki ma'aikata, yaya za a raba abin da aka saya tare. Mutane suna jin nauyin kawo maganar rabuwa ranar ɗaurin aure, amma a wannan ranar ce kaɗai kowa ke da sanyin zuciyar yin adalci.

Sai maganar sayarwa. A 2014 majalisar garin Northampton a Ingila ta sayar da wani mutum-mutumin tsohuwar Masar mai suna Sekhemka a kan kusan fam miliyan 16, don ta faɗaɗa gidan tarihinta. Doka ba ta hana ta ba, amma hukumar da ke tantance gidajen tarihi ta janye mata shaidar amincewa, abin kuma ya bar hannun jama'a ya shiga hannun wanda ba a bayyana ba. A Najeriya dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun hukuma ko wanda ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. Duk da haka a rubuta a yarjejeniya cewa mai gudanarwa ba shi da ikon sayarwa, ko jinginarwa, ko kyautar da komai ga babban baƙo. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kusa da mu, kuma shi ne aka fi jin kunyar hanawa.

Duk waɗannan sharuɗɗa suna tsaye ne a kan abu ɗaya da yawancin ƙananan gidaje ba su kammala ba, wato rajistar kaya. A gidajenmu abu yakan shigo ta hanya uku: kyauta, aro, da ajiya. Dattijo ya kawo Alƙur'anin kakansa rubutun hannu ya ce "a ajiye mini a nan," aka yi godiya aka yi addu'a, ba a rubuta komai ba. Shi ya san amana ya bayar. Bayan shekara ashirin ma'aikacin da ya karɓa ya yi ritaya, sabon ya ɗauka mallakar gida ce, jikokin kuma suna nan suna tunawa. Ranar da aka ce za a haɗe da wani gari, ranar za su zo, kuma suna da gaskiya.

Saboda haka kafin a kira taron haɗaka na farko, kowane gida ya zauna da babban littafi da kyamarar waya. Kowane abu a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a rubuta wa ya kawo, yaushe, kuma kyauta ce ko aro ko ajiya. Inda aka yi shakka, a je gidan masu shi a tambaya tun dattawan da suka shaida suna da rai, a rubuta amsar, su sa hannu, mai unguwa ko wakilin hakimi ya shaida. A yi kwafi uku: ɗaya a gidan tarihi, ɗaya a fada ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a hannun wanda ba ya cikin kwamiti. Gidan da ke da kaya ɗari biyar, mutum biyu masu himma za su gama wannan aiki tsakanin ƙarshen damina da shigowar bazara.